Ranar da Baba Mamman Ya Tambaye Ni Ma'anar Bizi

Tun da aka koma makaranta ban huta ba. Ina shiga ɗakin malamai wannan zai ce, “Malam Nasiru, yaya Nijar?” wancan ya ce, “Ina cukunmu?” Malamar lissafi har cewa ta yi wai na ƙara baƙi, kamar da can fari ne ni. Na gaji da ba da labari guntu-guntu tsakanin darasi da darasi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Cuku kuwa kowa ya yi haƙuri, bai ƙetaro iyaka ba.

Asalin tafiyar ba tawa ba ce, ta Habu ce. Habu tela ne, shagonsa na jikin gidanmu a Kano, amma mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dogo-Dogo, yankin Dungas. Shi ne auta a ɗakinsu. Ya zo Kano yana saurayi, Allah ya buɗa masa, sai dai rabonsa da gida an kwana biyu sosai. Da damina ta kankama, wansa Laminu ya kira shi ya ce idon mahaifiyarsu yana tafiya. Sun kai ta asibiti a Damagaram, aka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, ciwon nan ne mai cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ita kuwa ba ta roƙon komai sai ta ga autanta tun tana iya ganinsa.

Ni na matsa masa. Na ce hutu ya zo, ni ma kakana daga can ya fito ban taɓa zuwa ba, mu tafi tare. Ya amsa, har da rantsuwa.

Ranar tafiya ina tasha da jakata sai ga shi a kan babur da ƙaton buhu. Ya sauke mini a gabana: atamfa, sabulu, sukari, da wata babbar riga da ya ɗinka wa mahaifinsa.

“Malam, wallahi ina bizi,” in ji shi. “Ɗinkin biki ne ya faɗo mini. Ka yi gaba, ina nan tafe.”

Na dube shi, shi kuma ya dubi tayar babur. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san “ina nan tafe” ta tela. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na so in ce masa ya kwashi buhunsa. Sai na tuna akwai tsohuwa tana jira, gara ta ji saƙo daga bakin wanda ya gan shi da a bar ta shiru. Don haushi ko hanya ban tambaye shi ba. Na shiga motar Ɓaɓura, domin ita ce hanyar Nijar da na saba ji.

A motar na zauna kusa da wata 'yar kasuwa mai suna Hajiya Rabi, mutuniyar Magariya. Kafin mu wuce Ɗambatta ta san sunana, da aikina, da yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ban ƙara aure ba. Da ta ji malamin makaranta ne ni, sai ta shiga kirana Mushe. Haka suke ce wa malamin boko a can. Na yi ta ƙoƙarin in saba, amma duk sanda ta kira sai na ji wani iri.

A bakin iyaka aka sauke mu. Wani jandarma ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, sannan ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gida da ruwan sama a wajenmu. Da aka zo duba kaya ya kwance buhun Habu, ya ɗaga rigar nan sama yana kallon aikin wuyanta. Ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani. Ya ce wane tela ne wannan? Na ce wani ne da ba ya cika alkawari. Ya yi dariya ya ce ai duk mai kyan hannu haka yake, har a ƙasarsu.

Motar da ta ɗauke mu daga nan ta girme ni. Ƙofar da nake jingine da ita da igiya aka ɗaure ta. An yi ruwa da safe, direba ya kauce wa wani rami sai ya zuba mu cikin taɓo. Muka fito muna turawa, taya na watso mana laka, Hajiya Rabi na gefe tana ba da umarni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wasu manoma da ke gona can nesa. Ba wanda ya kira su. Sun hango mu, suka ajiye kayan aiki, suka zo suka sa kafaɗa. Da mota ta fita, kafin in gama goge tabarau sun koma bakin aikinsu. A wajenmu da sai an tsaya an yi ciniki tukuna.

Mun shiga Magariya bayan la'asar, motar Dungas ta riga ta tashi. Na tambayi Hajiya inda baƙi ke kama ɗaki. Ta dube ni kamar na zage ta.

“Mushe, mu yi tahiya tare tun Kano, sannan ka kwana gidan haya? Mai gidana yana da zaure.”

A zauren na sauka. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Da safe aka ba ni burodinsu mai tsawo kamar sanda, wanda sai ka yi da gaske kafin ka gutsura, da shayi a ɗan ƙaramin kofi, baƙi ƙirin, mai ɗaci. Na kurɓe shi gaba ɗaya yadda muke yi wa namu mai madara. Idona ya kawo ruwa. Mai gidan ya ce a hankali ake shan sa, kuma wannan na fari ne, akwai sauran zagaye. Haka na zauna aka yi ta zuba mini har zagaye na ƙarshe.

Direban motar Dungas ne ya fara gaya mini wautar da na yi. Da ya ji daga Kano nake kuma Dogo-Dogo za ni, sai ya kira 'yan tasha su zo su ga mutum. Ashe ta Maigatari ake bi, a yini ɗaya an isa. Ni kuwa na zagayo duniya da buhun sukari a ka. Na ƙara wannan a cikin laifuffukan Habu.

Laminu na jirana a Dungas da babur. Dogo ne marar yawan magana. Mun gaisa, amma idonsa na kan ƙofar mota har mutum na ƙarshe ya fito.

“Kai kaɗai ne?” ya ce.

Na ce ni kaɗai ne. Ya ɗaure buhun a bayan babur. Muka kama hanyar rairayi, gero hagu da dama. Sau ɗaya muka faɗi, a hankali, kamar an kwantar da mu. Wani mai amalanken jaki ya wuce mu yana mana sannu, kuma bai ɓoye dariyarsa ba.

Isarmu ita ce wurin da ya fi mini nauyi a duk tafiyar. Mahaifiyarsu, Inna Zuwaira, ta ji ƙarar babur, ta fito ƙofar gida tana lalube da hannu. Ina sauka ta kama fuskata da tafukanta biyu.

“Auta,” ta ce.

“Inna, baƙo ne,” in ji Laminu. “Maƙwabcinsa ne, malamin lakwal, mai koyar da boko.”

Ba ta sake ni nan da nan ba. Ta ɗan jima tana riƙe da ni, sannan ta sauke hannuwanta ta ce, “Sannu da zuwa, ɗana. Ka sha hanya.” Ta juya ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Ban taɓa jin kunyar kasancewa ni ba sai ran nan. Daga baya Laminu ya bayyana mini yadda ganin nata yake: gefe da gefe duk ya rufe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Shi ma sai a cikin rana sosai.

Mahaifinsu, Baba Mamman, ɗan tsamurmurin tsoho ne mai fara'a. Ya sa rigar da aka aiko masa, ya zagaya tsakar gida da ita, ya tuɓe ya ninke. Bayan na sha fura muka zauna a gindin bishiyar bedi, sai ya gyara zama.

“Mushe, an ce Ingilishi kake koyarwa. Akwai wata kalma da nike so ka hwassara mini. Duk sanda muka kira yaron nan, sai ya ce, Baba ina bizi, zan kira. Na tambayi malamin lakwal ɗinmu, ya ce ba Faransanci ba ne. Uwarsa ta ɗauka sunan unguwarsu ne. Mene ne bizi?”

Tambaya ta zo gidana. Na ce masa kalma ce ta siffantawa. Idan aka ce mutum bizi yake, ana nufin aiki ya cika masa hannu, ba shi da sararin yin wani abu. Ana faɗin ta ga kasuwa ranar da take ci, ana faɗin ta ga hanya mai yawan motoci, har waya ma idan ka kira ka tarar wani na kan layi. Amma an fi faɗin ta ga mutum, kuma yawanci shi ne ke faɗa da bakinsa.

“Shi da bakinsa?”

“Shi da bakinsa, Baba.”

“To, in ya hwaɗi haka, me ake yi masa?”

Shekara da shekaru ina koyar da kalmar nan, ba ɗalibin da ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce ba a yin komai. Sai a ce masa to, sai ka gama.

“Shi ke nan? Ba mai kama masa?”

Na ce babu. Fara'ar nan ta tsohon ta ɗauke. Can ya ce a wajensu namiji ba ya buɗe baki ya ce aiki ya fi ƙarfinsa sai abin ya kai maƙura, domin da kunya. In kuwa har ya faɗa, to kira ne ya yi, kuma duk wanda ya ji bai tashi ba, shi ne abin kunyar ya koma kansa.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. Ban ce masa a birni kalmar nan ta zama ƙofa ba, wadda ake turowa a hankali a fuskar mutum ba tare da an ɓata masa rai ba. Mai aiki na faɗin ta, mai kwance a kan katifa ma na faɗin ta. Na dubi fuskarsa na ga ba zan iya ba.

Washegari aka yi gayya a gonar wani maƙwabcinsu da zazzaɓi ya kwantar, ciyawa na neman cinye masa gero. Ni a littafi na san gayya. Maza suka jeru kafaɗa da kafaɗa, mai ganga na binsu a baya yana kiran sunan kowa da na ubansa, ƙura na tashi duk da damina. Mata suka iso da ƙoren fura a ka. Aka ba ni irin hauyarsu mai doguwar ƙota, wadda ake noma da ita a tsaye ana turawa gaba. Na tura da ƙarfina, na sare gero ya fi ciyawar da na kashe. Laminu ya zo cikin ladabi ya karɓi hauyar, ya ce masu aiki na jin ƙishirwa, ko Mushe zai taimaka da ruwa. Haka na yini ina yawo da buta da moɗa. Kafin la'asar gonar ta yi fes, mai ita ya fito da bargo a kafaɗa yana ta sa albarka.

A hanyar komawa gida Baba Mamman ya jawo ni gefe.

“Mushe, in za ka koma, da ni da Laminu za mu bi ka.”

Na ce ina? Ya ce Kano, wajen Habu. Gona 'yan'uwa za su duba, ya riga ya yi musu magana. In suka rage masa aikin nan, sai ya samu ya zo uwarsa ta gan shi.

“Baba, ɗinki ne fa. Ba noma ba ne.”

“Na sani. Ban iya keke ba. Amma guga fa? Shara fa? Kai wa mutane kayansu? Ko a gayya ba kowa ke riƙe hauya ba. Kai ma yau ruwa ka ɗauka.”

Tsohon da bai taɓa wuce Damagaram ba zai bar gonarsa a tsakiyar damina, ya tafi Kano ya yi wa ɗansa shara. Na hango shi tsaye a ƙofar shagon nan da ƙunshin kayansa, Habu na neman inda zai sa kansa. Na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, mutanen birni wani lokaci suna faɗin kalmar nan ne kawai, ba wai don...”

“Habu ba mutumin birni ba ne,” ya ce, ba tare da fushi ba.

Kafin gari ya waye sosai Inna Zuwaira ta sa an soya gyaɗa, an ɗaure ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuɓewa. Tana zaune tana shafa ƙunshin tana cewa a gaya wa Auta ya riƙa cin abinci, aiki ba ya yiwuwa da yunwa. Na ga abin da gaske ne. Na ce wa Baba ya kamata a sanar da Habu, kada mu faɗa masa kwatsam. Ya yarda.

A ƙauyen waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu bayan gari, inda suke cewa nan ne rezo yake. Da hantsi muka hau, ni da shi. Na kira. Ina jin ƙarar kekunan ɗinki kafin in ji muryarsa.

“Malam, ka isa lafiya? Wallahi ina bizi yanzu, bari in...”

“Ga Baba,” na ce, na miƙa wayar. Na sa ta yadda ni ma zan ji, don tsohon ba ya son kara ta a kunne.

Suka gaisa. Sannan Baba Mamman ya ce, “Habu, Mushe ya hwaɗa mini ma'anar kalmar nan taka. Ka yahe mana. Shekara da shekaru kana gaya mana aiki ya hi ƙarhinka, mu ba mu gane ba. Har ina cewa a raina ka manta da mu. Ashe kira kake, ba wanda ya zo. Gobe muna tahe, ni da wanka. Abin da muka iya za mu kama maka.”

Ƙarar keken da ke kusa da wayar ta tsaya. Har na ɗauka layin ne ya yanke.

“Baba, kada ku taso.”

“Mun riga mun ɗaure kaya.”

“Don Allah ku kwance. Ni zan zo.”

Muryarsa ta canza, ban taɓa jin ta haka ba. Baba ya miƙo mini wayar ya fara gangarawa, yana share ido da hannun riga. Na rage murya na matsa gefe. Na yi niyyar in wanke Habu tas, don na tara masa da yawa tun daga tasha. Sai ya riga ni.

“Malam, aikin akwai shi, ban yi ƙarya ba. Amma ba shi ne ba. Tsoro nake ji in zo in tsaya a gabanta, ta dube ni ba ta gan ni ba.”

Duk faɗan da na shirya ya zube. Tausayinsa ya kama ni, shi da iyayen nasa duka. Na ce masa yau tana gani kaɗan, in akwai rana. Wata mai zuwa kuwa ban sani ba, likita ma bai sani ba.

Baba bai kwance kayansa ba. Ya ce in ranar kasuwa ta zo bai ga kowa ba, za mu kama hanya. Ni ma, da na san alkawarin tela, ban ce ya kwance ba. Na ɗage komawata, na ci gaba da shan fura ina koyon riƙe hauya, ana ci gaba da karɓe ta daga hannuna.

Komowata ba ta da labari, ta Maigatari na biyo kamar mai hankali. Abin da ya rage in faɗa shi ne abin da ya faru ana gobe kasuwa, da rana tsaka. Muna zaure muka ji babur ya tsaya. Habu ne, ba buhu, ba tsaraba, da zare a maƙale a hannun rigarsa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa, tsohon ya ce, “Tashi, ba ni ne mai jira ba.”

Inna Zuwaira na ɗaki. Wannan karon ba ta fito da jin babur ba. Habu ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ta taso ta lalubo hannunsa, ta ja shi zuwa tsakar gida inda ba inuwa, ta juya shi ya fuskanci rana. Ta sa ya rusuna. Sannan ta shiga bin fuskarsa da ɗan ganin da ya rage mata, tana motsa kanta a hankali, daga goshi zuwa ido, daga ido zuwa haɓa. Mu duka muna tsaye muna kallo.

“Malam,” ta ce wa mijinta, “ashe Auta ya yi hurhura. Ba wanda ya gaya mini.”

Habu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Ta sa hannu ta ɗago haɓarsa.

“Tsaya, kada ka motsa,” ta ce. “Ban gama ba.”